Jikar Mai Ludayi

Wata biyar yarinyar ta yi da yunwa a gidan da aka buɗe don kada yara su ji yunwa, kuma kakarta ce ke riƙe da ludayin. Ba wanda ya saci abinci, ba wanda ya yi mugunta. Ga yadda abin ya faru.

Unguwar ta ma'aikatan kamfanin buhu ce. Kusan kowane gida akwai macen da ke zama gaban keken ɗinki daga bakwai na safe zuwa shida na yamma tana haɗa bakin buhu. Bakwai na bugawa maigadi yake jan ƙofa, wadda ta makara da minti biyar sai ta juya gida, ranar ta tafi a banza. Ba a shiga da goyo. Don haka a da, mace takan kulle ɗanta a ɗaki da guntun burodi da kofin ruwa, ko ta ajiye shi wajen maƙwabciyar da nata ma sun ishe ta. A damina ɗaya aka binne yara uku a layi guda. Shi ne matan suka haɗa kai, suka yi ta sintiri har wata ƙungiya ta yarda za ta riƙa kawo shinkafa da wake da mai da madarar gari, da ƙwai sau biyu a mako. Wani mai gidajen haya ya ba da tsohon sito mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Aka share, aka shimfiɗa tabarmi, aka ce ga gidan reno.

Da aka zo neman wadda za ta riƙe gidan, ba a ja magana ba. Goggo. Kowa haka yake kiranta, har waɗanda suka girme ta. Shekara ashirin da biyu ta yi tana sayar da abinci a bakin kamfanin kafin a tashi masu rumfa. Hannunta na da albarka, tukunyarta ba ta ƙonewa, kuma yaro bai taɓa kawo mata raini sau biyu ba. Aka ba ta makulli, ta kwaso kayanta ta tare a ƙuryar siton. Matan suka yi tsari, kowace ranar hutunta za ta zo ta taya ta rabin yini.

Yara goma sha takwas aka kawo, daga mai rarrafe zuwa mai shekara huɗu. Ranar buɗewa malamar asibitin unguwa ta zo da kwali cike da ƙananan kwanonin roba masu launi, kowane da cokalinsa.

"Kowane yaro da kwanonsa, Goggo," in ji ta. "Da haka za ki san abin da kowa ya ci."

"To, Malama."

Kwana huɗu Goggo ta yi tana bin wannan doka. Famfon layin sau biyu a mako yake kawo ruwa, sauran kwanakin sai an ɗebo a jarka daga bayan kamfani. Kwano goma sha takwas sau uku a rana, ga mai kashi, ga mai fitsari, ga mai amai. Rana ta biyar ta tsaya a kan rabin bokitin da ya rage ta ce, "To, kwano zan wanke ko gindin yara?" Ta tattara kwanonin ta mayar cikin kwali, ta ɗora a kan kabad. Ta jawo manyan tirenta guda biyu na zamanin rumfa, ɗaya na manyan yara, ɗaya na ƙanana.

A ganinta ba ta yi laifi ba. Mai sayar da abinci ba ta tambayar mutum ko ya ƙoshi, kwanonsa take dubawa. In ya dawo a share, an ci ke nan. Tiren Goggo kuwa kullum fes suke dawowa, sai ka ce an lashe.

Cikin ƙananan akwai jikarta, 'yar ɗanta na fari kuma na ƙarshe, direban motar kaya wanda kan yi sati bai kwana gida ba. Uwar yarinyar tana layin ɗinki na uku a kamfani. Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba. Alƙaliya ake ce mata, don in an zaunar da ita wuri ɗaya haka za ta zauna, hannu a kan gwiwa, tana bin kowa da ido kamar mai sauraron ƙara. Ba ta kuka, ba ta ƙwace. Wajen ci kuma nawa gare ta, sai ta ajiye loma a kumatu ta manta da ita.

Goggo ta san halin jikarta, don haka a makonnin farko a cinya take ɗora ta, ta riƙa sa mata a baki yayin da sauran ke kan tire. Haka ake yi har ranar da juyin taimako ya zo kan wata mata da ake kira Rediyo. Ba sai an faɗi dalilin sunan ba. Ranar ƙwai ce. Rediyo na shanya wanki ta hango Goggo ta ɓare ƙwai, tana marmasa gwaiduwar da yatsa tana sa wa Alƙaliya a baki. Ƙwan yarinyar ne, rabonta, guda ɗaya kamar na kowa. Washegari a bakin ƙofar kamfani, ana jiran a buɗe, Rediyo ta ce da ƙarfi yadda layi uku za su ji:

"Ƙwan ƙungiya dai jiya na ga inda yake shiga. Allah ya ba mu kaka mai ludayi mu ma."

Aka yi dariya. Kafin yamma maganar ta yi ƙafa ta yi fiffike. Ƙwai ɗaya ya zama uku, aka ƙara da madara, aka ce har gida ake kai wa. Da matan suka zo ɗaukar yara, Goggo ta ga gaisuwar ta canja. Wata ta ɗaga ɗanta ta latsa cikinsa a gabanta. Wata ta tambayi 'yarta mai shekara uku, "Ke an ba ki ƙwai yau?"

Goggo ta ajiye tsintsiya.

"Wadda ke da magana ta faɗa a gabana."

Sai Rediyo ta gyara goyo ta ce, "Haba Goggo, ai ba abin zafi ba ne. Kowa ya san jini ya fi ruwa kauri. Ni ma da ni ce a wurin, nawa zan fara cika wa ciki."

"Ke ce, ba ni ba. Shekara ashirin da biyu ina auna wa mazajenku abinci, wa ya taɓa cewa na rage masa cokali?"

"Ba wanda ya ce kin rage. Cewa aka yi kin ƙara."

Aka sake yin 'yar dariya. Dariyar ce ta ƙona Goggo. Ta ciro makullin daga bakin zanenta ta ɗaga sama.

"Ku shaida. Daga yau in wata ta ƙara ganin na sa wa yarinyar nan loma a baki, ta zo ta karɓi wannan. A tire za ta ci kamar 'yar kowa."

Surukarta na tsaye a gefe da Alƙaliya a kafaɗa, kanta a ƙasa. Ba ta taɓa sa baki a maganar uwar mijinta ba.

Goggo mace ce mai magana ɗaya. Daga washegari ta zaunar da Alƙaliya a bakin tire, can ɓangaren da ya fi nisa da ita. Ba ta tsaya nan ba, ta hana idonta ma zuwa wurin, don kada a ce tana lura da tata. In ta ajiye tire sai ta juya wajen masu rarrafe, waɗanda dole a ba su a baki, 'ya'yan wasu.

Wanda bai taɓa ganin yara takwas a kan tire ɗaya ba bai san yaƙi ba. Akwai wani ƙato ɗan shekara biyu da rabi da ake ce wa Buldoza, hannu biyu yake sawa, yana ci yana jawo na gabansa da gwiwar hannu. Sauran suka koyi sauri a wajensa, don wanda bai yi sauri ba ya tashi da yunwa. Alƙaliya kuwa sai ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya, ta juya ta, ta duba, ta sa a baki. Kafin ta kai hannu na huɗu an sauka a kan ƙarfen tiren. Ƙwanta ma in an miƙa mata, riƙe shi take yi tana kallo har wani ya fizge. Ba ta kuka. Da tana kuka da wani ya waiwaya. Sai ta tsotsi yatsunta, ta ja jiki ta jingina da bango. Masu zuwa taimako har yabonta suke yi.

"Kai, yarinyar nan akwai haƙuri. Da duk haka suke da reno bai zama aiki ba."

A gida kuma, uwar kan iso wajen shida da rabi, bayanta kamar zai karye, ƙurar buhu a hanci da gashin ido. Yarinya ta riga ta yi laushi da barci a bayanta. Takan jiƙa mata burodi a shayi, ta sha cokali biyu uku ta kau da kai. Uwar ba ta matsa mata. Ta ci sau uku a hannun kakarta, me za a ƙara mata? Goggo kuma a nata ɓangaren tana cewa a ranta, ko ba ta samu da yawa a tire ba, ai tana da uwa, za a cika mata da yamma. Kowace ta jingina da ɗayar, yarinya ta faɗa ta tsakiya.

Malamar asibiti da ta zo sau ɗaya bayan buɗewa, da sassafe ta zo, ba lokacin ci ba. Ciki gare ta, ya tsufa. Ta ce za ta tafi hutun haihuwa, kuma ba a ba da wadda za ta riƙe mata unguwar ba. Ta rataya sikeli a ƙarfen rufi, irin mai wando da ake zura yaro a ciki, ta koya wa Goggo.

"Duk farkon wata ki ɗora su. In allurar sikelin ta yi gaba, alheri. In ta tsaya ko ta yi baya, kada ki jira ni, ki sa a kai shi asibiti."

Goggo ba ta yi boko ba amma ta san lamba, sana'a ta koya mata. Ta ware wa kowane yaro gurbi a jikin bango, tana rubuta lambarsa da gawayi. Wata na biyu allurar Alƙaliya ta tsaya inda take. Wata na uku ta ja baya. Goggo ta sauke ta, ta sake ɗorawa, ta buga sikelin da hannu. Allura ba ta canja magana ba.

Goggo ta san abin da lambar ke nufi. Amma ta ce haƙori ne, yaro in yana haƙori dole ya zube. Kuma a kai ta asibiti a ce me? A ce cikin yara goma sha takwas, jikar mai dafa abincin ce ta rame? Waɗanda suka ce tana ɗura mata ƙwai su ne za su juya su ce ko nata ba ta iya riƙewa ba.

Sau ɗaya ta gwada karya rantsuwarta. Da la'asar, yara na barci, mai taimako ta tafi, ta kankare ƙasan tukunya a murfi ta ɗauki Alƙaliya ta shige ƙurya. Yarinyar ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Loma ɗaya, biyu, uku. Sai aka yi sallama a tsakar gida, wata ce aka sallamo da wuri saboda kekenta ya lalace. Goggo ta tura murfin ƙarƙashin gado da ƙafa, ta goge bakin yarinyar da gefen zane, ta fito. Matar ba ta ga komai ba. Amma Goggo ta yini tana jin ƙyamar kanta. Ita, da furfurarta, tana ɓoye murfin tukunya kamar ɓarauniya. Ba ta sake ba.

Abin da ta yi shi ne ta tare surukarta a bakin ƙofa da yamma.

"Ni kam yarinyar nan tana ci kuwa a gida?"

Surukar ta ɗauka faɗa ne ke zuwa. Ta sunkuyar da kai. "Tana ɗan taɓawa, Goggo. Ai a ƙoshe take dawowa daga wajenki."

A nan ne ya kamata Goggo ta ce a'a. Kalma ɗaya ce. Amma akwai mata biyu a bayansu suna ɗaura goyo, kunnuwansu a buɗe.

"To," in ji ta. "A dai riƙa kula."

"To, Goggo."

A wata na biyar abu ya juya. Kumatun Alƙaliya suka ciko. Ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul har takalmin roba ya daina shiga. Da Goggo ta ɗora ta a sikeli, allura ta wuce inda ta taɓa kaiwa. Goggo ta yi hamdala a fili, ta rubuta lambar da girma. Ranar kuwa Rediyo ce mai taimako.

"Zo ki gani da idonki," in ji Goggo. "A tire take ci, ko ba a tire ba?"

"A tire, Goggo."

"Na sa mata a baki?"

"Wallahi ban gani ba. Ke dai ba a taɓa ki a kwana lafiya. Wata nawa da maganar nan?"

Gashin yarinyar ya yi ja, ya yi laushi, yana zuba a kan tabarma. Aka ce na jarirai ne ke faɗuwa. Ta daina 'yar tafiyar da take yi, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Aka ce jiki ne ya yi mata nauyi. Ubanta ya dawo daga tafiyar kwana goma, ya biyo ta gidan renon da rana, ya ɗaga ta sama.

"Kai! Alƙaliya an samu kujera, an fara ajiye tumbi! Inna, me kike ba ta haka?"

"Abin da kowa ke ci."

"Allah ya bar mana ke, Inna."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta dube shi kawai, ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

Bayan kwana shida malamar asibiti ta dawo, ba sanarwa, ana tsakiyar abincin rana. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta. Ta dubi tire biyu a ƙasa, ta ɗaga kai ta dubi kwalin da ke kan kabad, ƙura ta rufe shi. Goggo ta fara bayanin ruwa da famfo. Malamar ta ɗaga mata hannu, ta jawo kujera ta zauna, ta zuba wa tiren ƙanana ido har aka share shi. Bai ɗauki minti biyar ba.

Sannan ta tashi ta nufi bango inda Alƙaliya ta koma ta jingina. Ta durƙusa, ta kama ƙafafun yarinyar biyu, ta danna babban yatsanta a bayan kowace ƙafa, ta riƙe kaɗan, ta saki. Wurin ya lotsa. Ramin yatsa biyu suka zauna a jikin ƙafar, ba su taso ba.

"Tun yaushe take haka?"

"Ai ƙiba ta fara, Malama. Ga bango, dubi lambarta. Ke kika ce in allura ta yi gaba..."

"Wannan ba ƙiba ba ce, Goggo. Ruwa ne. Kumburin yunwa ne. Ina zaune a nan na ƙirga, loma uku ta ci, ta ukun ma rabi ya zube." Ta ja fatar hannun yarinyar daga sama, wajen kafaɗa, inda kumburin bai kai ba. Fata ce da ƙashi. Ta dubi bango, ta bi lambobin da yatsa. "Nan ta tsaya. Nan ta yi baya. Me na ce miki? 'Yar wace ce? Ina uwarta take aiki?"

Mai taimakon ranar ce ta amsa daga bakin murhu, murya ƙasa-ƙasa.

"Jikarta ce."

Malamar ta juyo ta dubi Goggo. Ba ta ƙara faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Ta naɗe yarinyar a mayafinta ta ce a je kamfani a kira uwar, su same ta a babban asibiti, yanzu, ba anjima ba.

Goggo ta bi ta har titi ba takalmi. Sai kuka ya tashi a bayanta, wani ya ture wani. Yara goma sha bakwai, mai taimako ta ruga kamfani, ba kowa a gidan. Ta tsaya a tsakiyar titi tana kallon mai babur ya tafi da malamar da jikarta. Sannan ta koma ciki.

Sai da aka ɗauki yaro na ƙarshe ta samu zuwa asibitin. Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, ko'ina uwa da ɗa, ba hayaniya irin ta yara. Alƙaliya na gado na biyu daga ƙarshe, an zura mata siririyar roba ta hanci, an manne da filasta a kumatu. Surukar na zaune a bakin gado da rigar aiki, zaren buhu a gashinta. Shekara huɗu da aurenta ba ta taɓa haɗa ido da uwar mijinta ba. Ranar ta ɗago ta dube ta.

"Likita ya tambaye ni me take ci da rana. Na ce kakarta ce ke ba ta, sau uku. Ya ce in daina yi masa ƙarya." Muryarta ba ta tashi ba. "Goggo, ranar da kika tambaye ni ko tana ci a gida, kin sani?"

"Na ɗauka haƙori ne."

"Kin sani?"

Goggo ta dubi ƙasa.

Ɗanta ya iso bayan kwana biyu, ya bar mota da kaya a hanya. A barandar asibiti suka tsaya, shi da uwarsa. Likita ya riga ya gaya masa cewa kwana uku na farko su ne abin tsoro, kuma ko ta tashi, ba a san abin da yunwar ta taɓa ba sai ta girma.

"Inna, tambaya ɗaya zan yi miki. Kin ga tana ci?"

"Tiren kullum a share yake..."

"Ban tambaye ki tire ba. Ita. Da idonki."

"Na yi rantsuwa a gaban mutane. Cewa suka yi ina ɗura mata na 'ya'yansu. Ni da ban taɓa cin haƙƙin..."

"To yanzu sun yarda ba ki ci ba?"

Shi ya amsa wa kansa.

"Sun yarda, Inna. Kowa ya yarda. Sunanki ya fita fes." Ya share fuska da hularsa. "Ni da kika haifa, da hannu kike ba ni har na shiga makaranta. In na ƙi ki bi ni da kwano har waje. Tawa ɗaya tak."

Ya juya ya shiga ɗakin. Bai ɗaga mata murya ba, ba a haka ta rene shi ba.

Ranar hutu matan suka taru a tsakar gidan reno. Goggo ta ajiye makulli a kan tabarma ta ce a ba wata. Ba wadda ta miƙa hannu. Wa zai bar kekensa ya zauna? In an rufe gidan kuma, sai a koma kulle yara a ɗaki. Rediyo ta yi kuka har da majina, tana cewa ita wasa take yi, bakinta ne kawai, kowa ya san bakinta. A ƙarshe suka roƙi Goggo ta mayar da makullin bakin zanenta. Aka sauke kwalin kwanoni, aka raba ɗibar ruwa, kowace mace jarka ɗaya kafin ta wuce aiki. Malamar ta duba sauran yaran ɗaya bayan ɗaya ta samu biyu da suka fara zubewa, aka tare su da wuri. Abin da ya gagara wata biyar, a zama ɗaya aka gyara shi.

Alƙaliya ta yi sati shida a asibiti. Kumburin ya sace, sai ga ainihin yarinyar ta fito, kamar an sa wa tsinke riga. A sati na biyu kamfani ya ba wata keken uwarta. Duk ranar hutu Goggo kan je. Surukar takan gaishe ta yadda ya kamata, ta ba ta kujera, ta karɓi abin da ta kawo ta ajiye a ƙarƙashin gado. Amma in lokacin madara ya yi, Goggo ta miƙa hannu za ta karɓi kofin, sai surukar ta ce, "Bar shi, Goggo, kin gaji," ta juya mata baya ta ba 'yarta da kanta. Sau shida Goggo ta je, ba ta riƙe kofin ba ko sau ɗaya.

Zuwa na bakwai ta tarar da wani yaro a gadon. Ma'aikaciyar ɗakin ta ce ai an sallame su kwana uku da suka wuce. Goggo ta hau mota ta koma unguwa, ta wuce kai tsaye gidan da ɗanta ke haya. Ba labule a ƙofar ɗakin. Matar mai gidan na ciki tana shara.

"Au, Goggo, ba su biya ta wajenki ba? Shekaranjiya ya kawo motarsa ya kwashe kayan. Wai garin iyayen matar za su zauna, ya samu masu ba shi lodi a can."

"Yarinyar fa? Tana takawa?"

"A goye dai aka fita da ita." Matar ta jingina tsintsiya. "Ya ce in kin zo a gaishe ki."

Shekara biyu ke nan. Gidan reno na nan, yara sun kai ashirin da biyar, ba a sake kai ko ɗaya asibiti don yunwa ba. Ɗanta yana ɗaukar waya in ta kira. Yakan gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya ce kowa lafiya. In ta ce a ba ta yarinyar ta ji muryarta, sai ya ce tana barci.